Yadda Ake Shirya Wasan Makbes Har Faɗuwar Jarumin Ta Taɓa 'Yan Kallo

Duk malamin adabi ko shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo a birnin Kano da ya ƙudiri aniyar ɗora wasan Makbes na Shekisfiya, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Ingila, a dandamali, aikin da ke gabansa shi ne ya sa 'yan kallo su ƙaunaci wani mutum, sa'an nan su zauna suna kallonsa yana rusa kansa da hannunsa alhali ba su da ikon hana shi. Idan 'yan kallo suka tsani Makbes tun daga fitowar farko, sauran wasan zai koma jiran lokacin da za a kashe azzalumi a yi tafi a watse, kuma wahalar da aka sha ta makonnin gwaji ta tafi a banza. Duk shawarwarin da ke tafe an gina su ne a kan wannan.

Kafin a raba wa kowa rawarsa, ya kamata a zaunar da 'yan wasa a ba su tarihin abin da za su yi. Shekisfiya, wanda aka haifa a 1564 ya mutu a 1616, ya rubuta wasan wajen shekarar 1606, aka fara buga shi a 1623 cikin babban kundin wasanninsa. Ya ɗauko labarin daga littafin tarihi na Holinshed, amma ya sauya abubuwa da yawa. Makbes na gaskiya ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, shekara 17 ke nan, kuma a fagen yaƙi Dankan, sarkin da Makbes ya gada, ya mutu. Shekisfiya ne ya zaɓi ya mai da kisan ya zama na cin amana, cikin dare, a gidan mai masaukin baƙi, ya kuma taƙure mulkin ya zama kamar na ɗan ƙanƙanin lokaci mai cike da tsoro. Sarki Jemis na Sikotilan ya hau gadon Ingila a 1603, shi ne uban ƙungiyar su Shekisfiya, ya taɓa rubuta littafi a kan tsafi a 1597, kuma gidansu na ɗaukar Banko, abokin yaƙin Makbes a wasan, a matsayin kakansu. Wannan ya sa aka wanke Banko a wasan, alhali a littafin Holinshed da hannunsa a kisan. Ɗan wasan da ya san waɗannan sauye-sauye zai gane cewa marubucin da gangan ya ƙara wa laifin nauyi, domin nauyin laifin a zuciyar mai shi ne ainihin abin da yake son nunawa.

Sai kuma zaɓen wanda zai fito a Makbes, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Al'adar masu shiryawa ita ce su duba cikin ƙungiya su ɗauko mai murtukakkiyar fuska da kakkausar murya, wanda ya saba fitowa a ɗan daba ko mugun attajiri. A guji wannan. A nemi wanda idan ya shigo wuri mutane kan ji sun natsu da shi, wanda zai iya yin shiru a dandamali kuma shirun ya yi magana. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal na ƙasar Girka ya bayyana cewa jarumin wasan ban tausayi bai kamata ya zama waliyyi ba, bai kuma kamata ya zama tantirin mugu ba, mutum ne mai daraja wanda wani kuskure nasa ya kayar da shi, ta yadda mai kallo zai ji tausayi da tsoro a lokaci guda: tausayin wanda ya faɗi, da tsoron cewa shi ma ba a yi masa katangar da za ta hana shi irin wannan faɗuwa ba. Shekisfiya ya bi wannan hanya tun a fitowa ta biyu, inda wani mayaƙi da ya sha sara yake ba Sarki Dankan labarin yadda Makbes ya murƙushe 'yan tawaye kafin ma mu ga fuskarsa. Kada a yanke wannan fitowa don neman taƙaitawa. A ba ta haƙƙinta, a bar mai ba da labarin ya yi shi da zafi irin na kirari, sarki ya yi murna a fili, domin wannan yabo shi ne tudun da jarumin zai faɗo daga kansa.

Game da inda za a ajiye labarin, ra'ayina shi ne a bar shi a Sikotilan da sunayensa, ko da an yi maganganun da Hausa. Akwai kwaɗayin a mai da Dankan sarkin wani gari namu, a kira Makbes Madaki ko Galadima, amma a Kano waɗannan sarautu suna da masu riƙe da su, suna da iyalai da magoya baya, kuma gari ne da bai manta da Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ba. Da zarar an ambaci irin waɗannan sunaye, hankalin 'yan kallo zai bar zuciyar Makbes ya koma lissafin da wa ake. Bakano ba ya bukatar a fassara masa mene ne naɗi, ko abin da ke faruwa a zuciyar babban bafade idan sarki ya nuna ɗansa a matsayin magaji a gaban jama'a, kamar yadda Dankan ya yi wa Malkom a fitowa ta huɗu. A wannan wuri a tsayar da Makbes a gefen dandamali kusa da 'yan kallo, kowa yana taya Malkom murna, shi ma yana murmushi da baki, amma hannunsa ya damƙe ƙotar takobinsa.

Matsafan nan uku suna da haɗari ga mai shiryawa, domin suna da daɗin kallo, kuma idan aka sake musu sai su cinye wasan. Abin da suka yi a rubuce kaɗan ne. Sun gai da Makbes da sarautar Gilamis wadda yake riƙe da ita, da ta Kodo wadda bai san an riga an ba shi ba, suka ce kuma zai zama sarki, suka gaya wa Banko cewa zuriyarsa za ta yi mulki. Ba su ce a kashe kowa ba. Tunanin kisa daga cikin Makbes ya taso, har ya razana shi da kansa, kuma Banko da ya ji irin wannan albishir a wuri guda bai zare wuƙa ba. Saboda haka a rage hayaƙi da kururuwa, kada a yi musu shigar 'yan bori, a bar su tsofaffi masu magana a hankali kamar waɗanda suka daɗe da sanin mutumin. Abin da 'yan kallo ya kamata su riƙe daga fitowar shi ne bambancin fuskokin mayaƙan biyu. Masu kallonmu sun tashi da sanin cewa imani da ƙaddara ba ya ɗauke wa bawa alhakin abin da ya zaɓa, sun kuma san hukuncin zuwa wurin boka da gaskata shi, don haka idan aka nuna fitowar daidai, su da kansu za su ga inda ƙafar Makbes ta fara zamewa.

Wurin da ya fi cancantar a kashe lokacin gwaji a kansa shi ne ƙarshen kashi na ɗaya, inda Makbes ya baro wurin cin abinci ya tsaya shi kaɗai yana auna abin da yake shirin yi. Ya lissafa wa kansa dalilan da suka hana: Dankan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne wanda ya kamata ya rufe ƙofa ya tsare shi, ga shi kuma sarki ne mai adalci da tawali'u. Ya kuma amsa da bakinsa cewa ba shi da wani abin da ke tunzura shi sai buri tsagwaronsa. A sa ɗan wasan ya faɗi kowane dalili daban, ya dakata bayan kowanne, musamman na baƙunci, domin a wurin Bahaushe wanda ya ci amanar baƙon da ya kwana a ɗakinsa ya gama zubar da mutuncinsa. Daga nan ya yanke shawarar fasawa, ya kuma gaya wa matarsa haka. Dole ne 'yan kallo su yarda cewa da gaske ya fasa, har su yi ajiyar zuciya. Idan ɗan wasan ya faɗi maganar da sanyin jiki kamar mai jiran a lallashe shi, an rasa babban abu, wato shaidar cewa mutumin ya san gaskiya sarai, ya riƙe ta, sa'an nan ya sake ta.

Matar Makbes ita ce ta biyu da ake yawan zalunta a dandamali. Sauƙin da ake bi shi ne a mai da ita sheɗaniya mai zare ido, a ɗora mata laifin duka, 'yan kallo su tashi suna cewa ai dama sharrin mata ne. Rubutun bai goyi bayan haka ba. Mace ce da sai da ta roƙi a cire mata tausayi kafin ta iya tunkarar abin, wadda ta sha abin da zai ba ta ƙarfin hali a daren, wadda kuma ta ce da Dankan bai yi kama da mahaifinta ba yana barci da ita za ta yi kisan. Makaminta guda ne, ta taɓa mazantakarsa, ta ce masa matsoraci. A koya wa 'yar wasan ta yi wannan da ƙaramar murya, irin ta matar da ta san mijinta ciki da bai, ba da tsawa ba. Ba a bukatar su taɓa juna ko kaɗan, abin da ya dace da tsarinmu a nan: ita tana tsaye wuri guda, shi yana kai da komo, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa har ya tsaya a gabanta. Makarantun da ba su haɗa maza da mata, irin su Kwalejin Rumfa, kada su ɗauka wannan ya hana su wasan, domin a zamanin Shekisfiya yara maza ne ke fitowa a mata, sai a 1660 mata suka fara hawa dandamalin jama'a a Ingila.

Kisan Dankan ba a nuna shi, kuma kada a ƙara shi. Abin da ake nunawa shi ne mutumin da ya fito daga ɗakin. A rage haske, a bar fitila ɗaya. Makbes ya shigo da wuƙaƙe biyu a hannu waɗanda ya kamata ya baro wurin dogaran sarkin da aka bugar don a ɗora musu laifin, bai ma san yana riƙe da su ba. Yana gaya wa matarsa cewa ya ji wani ya farka daga barci ya yi addu'a, ya so ya ce amin, kalmar ta maƙale masa a maƙogwaro, yana ta tambayar dalilin da ya sa ya kasa faɗinta. A nan ɗan wasan ya gwada furta kalmar da gaske, leɓɓansa su motsa, sauti ya ƙi fita. Ban san wani wuri a wasan da zai kama zuciyar masu kallo a Kano kamar wannan ba, domin mutane ne da ke cewa amin sau da dama a yini ba tare da tunani ba. Daga nan sai maganar muryar da ya ji tana cewa ya kashe barci, sai kallon hannuwansa da cewa tekun duniya ba zai wanke su ba, ita kuwa tana cewa ɗan ruwa kaɗan ya isa. Don jinin, a dafa zoɓo ya yi kauri a haɗa da ɗan sitaci da zuma, yana sheƙi a ƙarƙashin fitila kuma yana fita daga fata. Kada a yi amfani da lalle ko wani rini, domin a fitowa ta gaba dole hannun ya kasance fes. Bugun ƙofar da ya katse su a yi shi da taɓarya a kan katako mai kauri a bayan labule, a bar tazara tsakanin bugu da bugu, kowane bugu ya girgiza Makbes har a kafaɗarsa. Surutun mai gadi da ya biyo baya akwai maye da batsa a ciki, ana iya taƙaita shi sosai, amma bugun ƙofar ya zauna.

Daga nan aikin mai shiryawa shi ne ya tabbatar kashe-kashen ba su yi kama da juna ba, domin a bambancinsu ne lalacewar take bayyana. Na farko ya yi shi da hannunsa yana rawar jiki, da shawarar matarsa. Na dogaran nan biyu ya yi shi nan take da safe, ya kuma kare kansa da zance mai tsari. Na Banko, abokinsa, ya yi hayar makasa, ya ɓoye wa matarsa, har ya ce mata ta zauna cikin rashin sani. Na iyalan Makdaf, hakimin Faif, mace da ƙananan yara, ba shi da wata riba a cikinsa ko kaɗan, fushi ne kawai don Makdaf ya tsere Ingila. A sa ɗan wasan ya rubuta waɗannan a takarda, ya yanke wa kowanne irin tafiyarsa da saurin maganarsa: mai rawar murya a farko, mai gaggawa a tsakiya, mai sanyin da ba ya jin komai a ƙarshe. Sutura ma ta taimaka. Ana iya samo yadi mai sauƙin kuɗi a Kantin Kwari, takubba da ɗamaru a kasuwar Kurmi, a sa alkyabbar sarautar ta fi ƙarfin jikinsa kaɗan, yana yawan gyara ta, domin a kashi na biyar ɗaya daga cikin hakiman ya kwatanta sarautarsa da rigar ƙato a jikin wada.

A fitowar walima, inda fatalwar Banko ta zauna a mazaunin sarki, akwai zaɓi biyu. Ana iya fito da ɗan wasan Banko da jini a ka, ana kuma iya barin kujerar wayam. Na fi son na biyu ga 'yan kallon makaranta, domin fatalwa mai hoda a fuska kan jawo dariya, dariya kuwa a wannan wuri tana kashe komai. Idan kujerar babu kowa, 'yan kallo suna ganin abin da hakiman ke gani, wato sarki yana yi wa iska tsawa, matarsa tana ƙoƙarin rufa asiri tana ce wa baƙi tsohon ciwo ne. Bayan an sallami baƙin, a bar su biyu a zaune nesa da juna tsakanin kwanukan da ba a ci ba. A nan ne yake cewa ya yi nisa cikin jini har komawa baya ta yi masa wuya kamar ci gaba. A ja hankalin ɗan wasan ga wannan magana ƙwarai, domin ita ce ke nuna ciwon Makbes: laifin yana cin sa dare da rana, amma bai taɓa kai shi ga tuba ba, kullum ƙara tura shi yake ga wani laifin da yake zaton zai ba shi kwanciyar hankali. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma Makbes duk lokacin da ya waiwaya ya gan shi sai ya ƙara gudu.

Wasan shi ne mafi gajarta a cikin wasannin ban tausayi na Shekisfiya, amma duk da haka idan ana son a fara bayan La'asar a gama kafin Magariba sai an yi yanka. Fitowar shugabar matsafa, wadda masana da dama ke ganin wani marubucin wasa, Tomas Midiltin, ne ya ƙara, ana iya cire ta gaba ɗaya. Doguwar hirar Malkom da Makdaf a Ingila a rage ta, amma a bar inda aka kawo wa Makdaf labarin iyalinsa yana ta maimaita tambaya ko har da 'ya'yansa duka, da amsar da ya ba Malkom cewa zai ɗauki abin kamar namiji amma dole ya ji zafinsa kamar namiji. Wannan amsa ce ga irin mazantakar da aka zuga Makbes da ita, kuma in an cire ta wasan ya gurgunce.

Tafiyar barcin matar Makbes ba ta son ƙawa. A ba ta aci-bal-bal ko kyandir, domin baiwarta ta gaya wa likita cewa ta ba da umarni kada haske ya rabu da ita, ita da ta taɓa kiran duhu ya zo ya rufe aikinsu. Ta ajiye fitilar, ta yi ta murza hannu ba ruwa, idonta a buɗe ba ta ganin kowa, maganganunta guntu-guntu daga dare daban-daban: jinin tsohon, matar hakimin Faif, bugun ƙofa. A hana 'yar wasan ihu da birgima, nishi guda mai tsawo ya wadatar. Idan labarin mutuwarta ya iso wa Makbes, kada ya yi kuka. Ya riga ya faɗa cewa ya kusa manta ɗanɗanon tsoro, kuma jawabinsa a kan gobe da jibi da rayuwar da ta zame masa labarin da babu ma'ana a cikinsa a faɗe shi a zaune, a hankali, kamar mai karanta lissafin asarar da ya san shi ya jawo.

Alkawura biyu da Makbes ya samo da ya koma wurin matsafan, cewa ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya taso masa, kuma babu wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi, suna warwarewa a jere, dajin Banam ya taso zuwa fadarsa ta Dansinen a hannun sojojin da suka sari rassa suka ɓuya a bayansu, Makdaf kuma ya bayyana cewa farke cikin mahaifiyarsa aka yi aka ciro shi. Rassan darbejiya sun isa wannan aiki. Kafin a fara faɗan ƙarshe, Makbes ya ce wa Makdaf ya koma, domin jinin gidansa ya riga ya yi masa nauyi a rai. Kada a bari ƙarar takubba ta haɗiye wannan jimla, a tsayar da komai a faɗe ta a ji, domin ita ce ragowar mutumin da aka yaba a fitowa ta biyu. Kan Makbes da rubutun ya ce a shigo da shi ana iya maye gurbinsa da takobinsa da alkyabbarsa, ya fi dacewa da taron ɗalibai da iyaye.

Mako guda kafin ranar wasa, a gayyato mutum biyar ko shida da ba su san labarin ba, masu gadi, masu dafa abinci, ɗaliban wani fanni, su kalli gwajin ƙarshe daga farko zuwa ƙarshe. Bayan an gama a tambayi kowannensu shi kaɗai a wane wuri ne ya daina goyon bayan Makbes. Idan amsoshin suka faɗo kafin kisan Dankan, a koma a gyara kashi na ɗaya, a ƙara wa yabon fagen yaƙi da jawabin fasawa ƙarfi. Idan kuma suka ce matar ko matsafan ne suka jawo komai, a rage muryar waɗannan, a tsawaita shirun da Makbes ke yi kafin ya amince. Amsar da ake nema ita ce wadda ta warwatsu, wani ya ce a kan Banko, wani ya ce sai a kan yaran Makdaf, wani ya kasa faɗin wuri guda.